Me ya sa rigakafin HIV da ya nuna alamar nasara a Tailan ya gaza a Afirka ta Kudu?

A watan Fabrairun 2020 aka dakatar da gwajin wata allurar rigakafin HIV a Afirka ta Kudu, wanda mutum kusan 5,400 suka shiga. Waɗanda aka yi wa allurar sun kamu da cutar daidai da waɗanda aka yi wa ta bogi.

Abin ya yi wa masana ciwo, domin an gina aikin ne a kan gwajin Tailan, inda a 2009 aka sanar cewa allurar ta rage kamuwa da kashi 31 cikin 100 a tsakanin mutum sama da 16,000. Ba yawa, amma ba a taɓa samun ko hakan ba.

Babbar matsalar tana jikin rigar ƙwayar cutar. A kan rigar akwai wasu tsinaye na furotin, da su take kama ƙwayoyin garkuwar jiki ta kutsa ciki. Su ne kaɗai sojojin jiki ke iya gani daga waje, don haka su allura ke koya wa jiki ya gane.

To amma HIV dangi-dangi ce. Nau'in B ya fi yawa a Amurka da Turai, C a kudancin Afirka da Indiya, Tailan kuma tana fama da wani gauraye da ake kira AE. Tsarin furotin ɗin rigar kan bambanta da kusan kashi 30 cikin 100 daga wani nau'i zuwa wani. Ga kuma sukari da ya lulluɓe tsinayen, har ya kai kusan rabin nauyinsu, yana ɓoye wuraren da ba sa canzawa.

A Tailan, an gano cewa waɗanda jikinsu ya samar da kariya kan wani lanƙwaso na tsinin mai suna V1V2 sun fi tsira. Masanan sun sake fasalin allurar don ta dace da nau'in C, duk da haka ba ta yi aiki ba. Bambancin nau'i kaɗai bai isa hujja ba: an canza sinadarin ƙara wa allurar ƙarfi, kuma matan da suka shiga gwajin sun fi 'yan Tailan fuskantar haɗarin kamuwa nesa ba kusa ba.

A Najeriya kuwa, nau'in G da gaurayen AG ne suka fi yaɗuwa, kuma babu ɗaya daga cikin alluran biyu da aka ƙera a kansu.