Kafin Ka Kutsa Daji, Koyi Karatun Taswira

Da yawa daga cikinmu yanzu mun miƙa wa wayar hannu ragamar tafiya, ita ke cewa a yi dama ko a yi hagu. To, ranar da caji ya ƙare a tsakiyar daji fa?

A ƙasashen Suwidin da Norwe akwai wasan da aka gina kacokan a kan wannan fasaha ta neman hanya. Ya samo asali ne daga horon sojoji a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farar hula ta farko a Norwe a 1897. An kafa hukumarsa ta duniya a 1961, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Ana ba ɗan wasa taswira da kamfas, a sake shi a daji ya nemo tutoci masu launin lemo da fari ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da zai bi kuwa, shi zai zaɓa.

Sabon shiga yakan fara yin tuntuɓe ne a launukan taswirar. Fari ba fili ba ne, daji ne da ake iya gudu a cikinsa. Rawaya shi ne fili, kore sarƙaƙiya, shuɗi ruwa. Layukan ruwan ƙasa suna nuna tudu da kwari, kuma idan suka matsu da juna, hawa ne mai wuya. A taswira mai ma'aunin 1:10,000, santimita 1 na nufin mita 100 a ƙasa.

Amma inda gwani ke barin ɗan koyo shi ne zaɓin hanya. Miƙewa sak ba kullum ke kai mutum da wuri ba, musamman idan fadama ko dutse ya gitta. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Gwani yakan nemi abin da zai raka shi, kamar rafi, shinge ko turba. Yakan kuma lura da wata alama babba a gaban inda ya nufa, wadda in ya tarar da ita ya san ya zarce. Akwai wata dabara da ke burge ni: idan gada kake nema a kan kogi, kada ka saita ta daidai. Karkata hagu da gangan, in ka iso kogin ka san dama za ka juya, babu kokwanto.

Kada kowa ya yarda da ƙafarsa kaɗai. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus sun gwada mutane a daji da kuma cikin Sahara, suka ga cewa idan babu rana ko wata, mutum yakan yi ta kewaye yana zaton miƙewa yake yi. Shi ma kamfas yana ruɗewa kusa da ƙarfe ko waya, don haka a nisanta su.

A fara koyo a wurin da aka sani, kamar filin makaranta. Auna mita 100, ka ƙirga takunka, ka riƙe adadin. Kafin fita, sanar da wani inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka ɗauki ruwa da usur. In ka ɓace, tsaya cak, ka koma wurin ƙarshe da ka tabbatar da shi. Malaman makaranta da shugabannin 'yan sikawut, ku koya wa yara wannan tun suna ƙanana.