BAYAN RUWA YA JANYE, SAI AIKIN GAYYA

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri, tilas ya ratsa ƙasar Aliero da Jega da Maiyama, ƙananan hukumomi uku da ke maƙwabtaka da juna a Masarautar Gwandu ta Jihar Kabi. Albasa ce ta fitar da sunan Aliero, kasuwa ta fitar da na Jega tun ƙarni na 19, Maiyama kuwa ƙasa ce ta gero da dawa da shinkafa. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Anka da Gummi ya wuce ta Jega kafin ya haɗe da Gulbin Sakkwato, shi ne arzikin fadamun yankin. Amma kuma shi ne abin fargabarsu idan damina ta yi nauyi.

Mutanen Kabi ba za su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da ruwan Goronyo ya malalo ta Gulbin Rima, haka nan ambaliyar 2012 wadda ta game ƙasa. Amma ta 2020 ce ta fi taɓa aljihun manomi. A watannin Agusta da Satumba na wannan shekara gulabe suka cika suka batse, har aka ƙiyasta cewa shinkafar da ruwa ya ci a jihar ta kai ta hekta 450,000. Da yawan manoman kuwa da bashi suka yi noman, a ƙarƙashin shirin rancen Babban Bankin Nijeriya wanda aka ƙaddamar a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015. Ga gona ta tafi, ga bashi yana nan daram.

Hukumomin ba da agajin gaggawa na tarayya da na jiha sukan kawo gudummawar hatsi da tabarmi da barguna da kwanon rufi, kuma lalle abin godiya ne. Sai dai motar agaji yini ɗaya take yi a gari, alhali kuwa farfaɗowa aikin watanni ne. Kafin ta iso da bayan ta juya, jama'a ne ke riƙe da junansu.

A daren da ruwa ya shigo gari, masunta ne ke fara fito da jiragensu su kwashe tsofaffi da yara zuwa tudu. Wanda gidansa ya tsira yakan buɗe zaurensa ga maƙwabci, a raba mata da yara gidajen dangi, sauran su fake a makarantun firamare. Tukunyar da aka saba ɗorawa don mutum goma sai ta ciyar da ashirin. Mai unguwa da liman su ne suka san wanda ya rasa rumbu da wanda ya rasa ɗaki, saboda haka lissafinsu yakan fi na baƙo daidai.

Gyaran gidaje ba ya yiwuwa nan take. Ginin ƙasa idan ruwa ya kwanta a gindinsa yakan jiƙe ya zube, tubali kuma ba ya bushewa sai damina ta ɗauke. Don haka sai bayan kaka, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sannan a kira gayya. Samari su haƙo ƙasa su cuɗa, magina su ɗora, mata su ɗebo ruwa su dama fura. Ba a biyan lada, abinci kawai mai gida zai bayar, gobe kuma a koma gidan wani. Bisa al'ada akan fara da gidan marayu da na gajiyayyu. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban abin da ke mayar da manomi kan ƙafafunsa shi ne noman rani. Ruwan da ya yi ɓarna yakan bar laima da taki a fadama, ya kuma ɗaga ruwan ƙasa kusa, yadda rijiya ba ta bukatar zurfi. To, amma mai asara ba shi da iri, ba shi da injin ban-ruwa. A nan ne zumunci ke aiki. Manomin tudu wanda geronsa ya tsira yakan ranta wa na fadama hatsi a biya bayan girbi. Masu albasa sukan sammaka wa ɗan'uwa dashe daga abin da suka yafa. Mutum uku ko huɗu sukan yi tarayya a kan inji ɗaya, kowa da ranarsa. Uwar adashi kuma takan roƙi 'yan zubi a ba wadda ta yi asara kwasar farko, ta sayi akuya ko ta tayar da sana'arta. Idan albasa ta nuna wajen Fabrairu da Maris, aka loda ta zuwa Kudu, sannan ne mai gida ke sanin ko ya fita daga ramin.

Addini ma ya shimfiɗa nasa tsarin. Zakkar amfanin gona kashi ɗaya ce cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala. A shekarar ambaliya, damin da manomin tudu ya fitar shi ne tuwon maƙwabcinsa na bakin gulbi.

Duk da haka akwai abin dubawa. Aikin ƙwadago na kuɗi yana cinye gayya sannu a hankali, samari kuma sukan tafi cin rani daidai lokacin da ake bukatar ƙarfinsu. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin tayar da inji ya hauhawa, har aron inji bai wadatar ba in babu abin zuba masa. Bugu da ƙari, gayya ba ta iya gina gada ko datse gulbi, wannan nauyin hukuma ne. Kuma idan aka taru aka sake gina ɗaki a kan hanyar ruwa, an yi wa ruwan baɗi tanadi ne kurum.

Saboda haka ya kamata hukuma ta riƙa bi ta hannun waɗanda jama'a suka amince da su, ta kawo iri da taki kafin lokacin dashe ya wuce, ta kuma ba da filaye a kan tudu. Su kuma jama'a su riƙe gayya tun ana zaman lafiya, su yashe magudanai kafin ruwan fari, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyashe mu da sharrin ruwa, Ya ba mu albarkarsa.