Wayar Iska Tsakanin Ƙananan Na'urori: Daga Isa Zuwa Sabon Birni

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san halin gulbi. Da rani yashi ne zalla, da damina kuwa yana iya cika cikin dare ɗaya ko da ba a yi ruwa a garinku ba. Ruwan Gagare da na Bunsuru suna haɗuwa a yankin Isa, su gangara wajen Sabon Birni, na Gulbin Maraɗi ya ƙaru a kai, sa'an nan Rima ya nufi madatsar Goronyo. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Rima ta cinye gonaki da ƙauyuka masu yawa, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Idan ruwa ya taso a Isa, yaya mutanen da ke gangare za su sami labari kafin ya iso? Wani zai ce ai sai a buga waya. Gaskiya ne, amma mu tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Wannan ya sa muka ga ya kyautu mu yi bayanin wata hanya da ba ta dogara da kamfanin waya ba.

Abu na farko shi ne 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, wato kwamfuta ƙarama da ba ta fi farcen yatsa ba. Irinta ce cikin rimot na talabijin da mitar wuta. Aiki ɗaya ake koya mata, ta yi ta maimaita shi dare da rana. Allon Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, yana ɗauke da irin wannan ƙwaƙwalwa.

Bari mu ce an ɗaure ta ƙarƙashin gada tare da ma'aunin da ke aika sauti zuwa fuskar ruwa ya jira amsa-kuwwa. In amsar ta dawo da wuri, ruwa ya hau ke nan. Ƙwaƙwalwar sai ta mai da awon lambobi, ta shirya su kamar wasiƙa: lambar mai aikawa, ta mai karɓa, tsayin ruwa, da wata lambar bincike a ƙarshe. Mai karɓa zai sake lissafin. In ya yi daidai ya amsa cewa saƙo ya iso, in kuwa bai amsa ba a sake aikawa.

Abu na biyu shi ne rediyon da zai ɗauki wasiƙar. Masu araha da ke aiki a zangon megahaz 2,400 ba su cika wuce mita 100 ba. Mai dogon zango shi ne LoRa, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ya ƙirƙiro a Grenoble ta Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Yana aiki a zanguna kamar megahaz 433 da 868. Dabararsa kamar fito ce mai tashi daga ƙasa zuwa sama. Kowa ya san fito yakan ratsa hayaniyar kasuwa inda magana ba ta iya ratsawa. Cikin gari yakan kai kilomita 2 zuwa 5, a fili kuwa 10 zuwa 15.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Nisan nan da jinkiri ake sayensa, don haka murya da hoto ba nasa ba ne, sai gajerun lambobi. Tudu, gini da kurmi suna rage masa ƙarfi, shi ya sa ake ɗaga eriya bisa tankin ruwa ko dogon ƙarfe. Tsakanin Isa da Sabon Birni akwai kusan kilomita 40, saboda haka sai an kafa tashoshi uku ko huɗu a tsakani, kowace ta karɓa ta miƙa wa ta gaba. Duk da haka saƙon zai isa cikin daƙiƙoƙi, ruwa kuwa sai ya yi sa'o'i yana tafe. A wannan tazara ake kwashe yara da tsofaffi, a kora dabbobi tudu. Wutar da yake ci kaɗan ce, domin na'urar barci take yi, ta farka ta aika ta koma. Ƙaramin batir da farantin hasken rana sun ishe ta.

Akwai gargaɗi. Hukumar NCC ce ke kula da zangunan rediyo a Nijeriya, kuma a wurin da ake fama da 'yan bindiga eriyar da ba a san mai ita ba abin zargi ce. Kada kowa ya kafa sai da sanin hakimi, ƙaramar hukuma da jami'an tsaro.

Mu ɗalibai, ba sai mun fara da gulbi ba. Alluna biyu, rediyo biyu da malamin kimiyya sun isa mu auna ruwan tankin makaranta daga cikin aji. In mun iya wannan, sai mu ƙara nisa kaɗan-kaɗan, muna rubuta inda saƙo ya isa da inda ya ɓace.