Filin Bakin Kogi A Badun: Araha Ba Ta Ado

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Badun ya san cewa fili mafi araha a garin shi ne wanda ke gab da bakin kogi. Da rani dillali zai kai mutum wurin, ya nuna masa ƙasa busasshiya, ga ɗan rafi can ƙasa wanda yaro ma zai tsallake, sa'an nan ya faɗi kuɗin da bai kai na filin tudu ba. Baƙo ya ga banza ta faɗi, ya biya, a ba shi rasit, ya kafa shago ko ya tayar da ɗakuna biyu. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, a doka wannan wuri hurumin kogi ne, ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Ko ba daɗe ko ba jima ɗayan biyu zai same shi, ko ruwa ya ci ginin, ko katafilar hukuma ta rushe shi.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutumin Arewa. A gida kowa ya san burtali da mashaya da makiyaya, ya kuma san wanda ya nome su ya jawo wa kansa rigima. To, haka kogi yake da hanyarsa wadda yakan bari da rani ya dawo mata da damina. Bambancin kawai shi ne a nan Kudu damina ta fi tsawo, ruwan kuma ya fi yawa. A Badun akan fara ruwa tun wajen watan Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba.

ABIN DA OGUNPA YA YI

Badun gari ne mai tuddai, koguna da rafuka kuma sun ratsa shi ta ko'ina. Wanda ya fi suna shi ne Ogunpa, wanda ya biyo ta Agodi da Mokola, watau maƙwabtan unguwar Sabo inda Hausawa ke zaune tun 1916, ya ratsa tsakiyar gari ta kasuwar Ogunpa, ya gangara Oke-Ado da Molete. Akwai kuma Kudeti da Ogbere da Orogun, da babbansu Ona, wanda aka datse a Eleyele a 1942 don ba gari ruwan sha.

Ogunpa ya yi ambaliya a 1960 da 1963 da 1978, amma wadda tsofaffi ba su manta ba ita ce ta ran Lahadi 31 ga Agusta 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Bola Ige. Ruwan da aka auna a ranar ya kai milimita 274, watau kusan inci 11. Mutum fiye da 100 suka rasu, dubbai suka rasa muhalli, ruwa ya tafi da motoci da kayan kasuwa, har gidan namun daji na Agodi ya lalace. Yarbawa suna kiran irin wannan masifa Omiyale, ma'ana ruwa ya ratso cikin gida.

Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara aikin faɗaɗa Ogunpa da ɗaure gaɓarsa da kankare. Aikin ya yi ta tsayawa saboda rashin kuɗi, sai bayan 1999 Gwamnatin Tarayya ta kama shi gadan-gadan. Da aka ga an ɗaure Ogunpa sai mutane suka saki jiki, suna zaton an gama da maganar ambaliya.

Ran Jumma'a 26 ga Agusta 2011, cikin goman ƙarshe na watan azumi, aka tsuge da ruwa tun yamma har dare. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta auna milimita 187.5. Ruwa ya shafe madatsar Eleyele, ya karya gadar Apete, ya shiga Odo-Ona da Oke-Ayo da harabar Jami'ar Badun. Ƙungiyar Red Cross ta ce aƙalla mutum 102 suka mutu.

Abin lura a nan shi ne ruwan 2011 bai kai na 1980 yawa ba, amma ɓarnarsa ta bazu zuwa unguwannin da a 1980 yawancinsu daji ne da gonaki. A cikin shekara 31 ɗin nan gari ya faɗaɗa, an cike fadamu da ƙasa, an malale tsakar gidaje da siminti, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa ya koma yana kwarara kai tsaye cikin kogi. Kogin kuwa an matse shi da katangu, an cika shi da shara. Kwamitin da gwamnatin Abiola Ajimobi ta kafa bayan ambaliyar ya ƙidaya gine-gine sama da 26,000 da ke cikin tazarar da doka ta hana gini.

TAZARAR DA DOKA TA YANKA

Ƙa'idar Jihar Oyo ta yanka wa kowane kogi nasa hurumi gwargwadon girmansa. Manya irin su Ogunpa da Ona, sai an bar wajen mita 45 daga gaɓa, watau ƙafa 150. Matsakaita irin su Kudeti da Ogbere da Orogun, wajen mita 30, watau ƙafa 100. Ƙananan rafuka kuwa mita 15, watau ƙafa 50. Filin gida ɗaya da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. Ke nan a bakin Ogunpa ko Ona mutum na iya sayen fili sukutum, ya zamana babu ko taku ɗaya a cikinsa da ya halatta a aza bulo.

Tun da doka ta fito fili haka, me ya sa gidaje 26,000 suka tsaya a inda aka hana? Babban dalili shi ne ikon a rarrabe yake, kowace hukuma da nata ɓangaren, talaka kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen cikin birni a hannun Gwamna, shi ke ba da satifiket na mallaka. Filayen da ke wajen birni kuwa Ƙaramar Hukuma ke da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kansu. Dokar Tsara Birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a matakin Tarayya da Jiha da Ƙaramar Hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini haƙƙin jihohi ne. Saboda haka ofisoshin tsara gari da ke yankunan ƙananan hukumomi da dokar jiha suke aiki. Ita kuma Ƙaramar Hukuma, Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da magudanun ruwa da kwashe shara.

Badun kaɗai tana da ƙananan hukumomi 11, biyar a cikin gari, shida a kewaye. Kogi ɗaya yakan ratsa uku ko huɗu daga cikinsu. In aka yi sakaci a sama aka cike gaɓa, mutanen ƙasa ne za su kwana cikin ruwa, alhali ba su da ta cewa a hukumar da ta yi sakacin. Ga kuma ƙarancin ma'aikata masu zagayawa duba gine-gine, ga masu gini da dare ko ranar hutu, ga kukan da jama'a suka daɗe suna yi cewa wasu ma'aikata sukan kau da kai in an ba su na goro.

RASIT BA IZINI BA NE

A nan ne baƙo ya fi faɗawa rami. Takardu iri uku ne, mutane da yawa kuma sukan ɗauka duk ɗaya ne. Na farko rasit ɗin dangin da suka sayar da fili, wanda iyakarsa ya nuna an karɓi kuɗi. Na biyu tikitin da ma'aikatan Ƙaramar Hukuma ke yanka wa mai shago ko mai rumfa, wanda haraji ne kurum. Na uku shi ne taswirar gini wadda ofishin tsara gari ya duba ya buga wa hatimi. Wannan ta ukun ita ce izinin gini. Mutum na iya shekara 10 yana biyan tikiti ba fashi, ran da aka zo aka shafa wa bangonsa jan fenti, tarin tikitin nan ba zai cece shi ba. Akasari kuma ginin da aka yi ba izini ba a biyan diyyarsa.

'Yan haya sun fi kowa shan wuya, su ne kuma mafi yawa a cikin 'yan Arewa. Takardar gargaɗi mai gida ake kai wa, shi kuwa sau da yawa ba a gidan yake zaune ba. Yakan karɓi kuɗin shekara ya yi shiru, ɗan haya bai san abin da ake ciki ba sai ya ga katafila a ƙofa. Mai sayar da hatsi ko albasa ko goro da ya kama sito a kwari saboda sauƙin haya yana iya asarar jarin shekaru cikin dare ɗaya, wani lokaci ma kayan amana ne da aka aiko masa daga Kano ko Sakkwato.

Masu lambu a bakin rafi ba su ne abin da dokar ta fi nufa ba, domin alayyafo da latas ba su tare ruwa. Matsala takan fara ne ran da bukkar mai lambu ta zama ɗakin bulo, aka kewaye da katanga, aka kawo tifa ta zuba ƙasa don a ɗaga wurin. Haka nan masu wankin mota da masu buga bulo da 'yan gwangwan, da zarar sun cike gaɓa don su sami wurin aiki sun shiga cikin laifin.

IKKO DA BAKIN KWARA

Ba Badun kaɗai ke da irin wannan ƙa'ida ba. A Ikko tazarar ita ce mita 150 daga bakin teku, 50 daga bakin tafkin Legas, 15 daga kogi. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar ta rushe gidaje masu tsada a Ikota da ke yankin Lekki saboda sun hau hanyar ruwa. Fataken shanu na kasuwar Kara da ke bakin kogin Ogun su ma sun san yadda ruwa ke shigo musu idan aka buɗe madatsar Oyan a ƙarshen damina.

Mazauna Anacha da Asaba da Lakwaja kuwa suna da ƙarin hukuma a kansu. Dokar 1997 da ta kafa Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar manyan koguna irin su Kwara da Binuwai. Wanda zai yi gini a wannan tsakani yana bukatar yardarta ban da ta jiha. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna wa mutanen waɗannan garuruwa iyakar inda Kwara ke kaiwa in ta cika.

Gaskiya ne hukuma ma ba kullum take adalci ba. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko a Ikko bisa dalilin cewa wurin kwari ne mai ambaliya, aka kori mutum wajen 300,000, daga baya aka cike wurin da yashi ya zama unguwar masu hali. Irin wannan ne ya sa talaka ke ganin dokar bakin ruwa dabara ce ta ƙwace. Amma mutanen da ruwa ya ci a 1980 da 2011 ba katafila ce ta kashe su ba. Abin da ya dace jama'a su nema shi ne a yi dokar a kan kowa, a ba da wa'adi isasshe, a kuma hukunta ma'aikacin da ya sa hannu a kan taswirar da ba ta halatta ba.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don maganin ambaliya a Badun. Da kuɗin aka gyara madatsar Eleyele, aka sake gadoji da kwalbatoci, aka yashe koguna. Aikin ya rage haɗari, amma bai halatta gidan da ke cikin hurumi ba.

KAFIN A BIYA KUƊI

Matambayi ba ya ɓata. Wanda zai sayi fili ya fara ɗaukar safiyo mai lasisi ya auna daga gaɓar kogi zuwa iyakar filin, sa'an nan ya kai takardar awon ofishin tsara gari na yankin ya tambaya ko ana ba da izinin gini a wurin. Ya nemi amsar a rubuce. Kada ya je ganin fili da rani kaɗai, ya koma a watan Yuli ko Satumba bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Mai neman haya ya dubi bangon gidan da na maƙwabta, domin ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya, sabon fenti a ƙasan bango kaɗai kuma abin tuhuma ne. Ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kai a 2011.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai suna da rawar da za su taka, tun da su ne baƙo ke fara sauka a hannunsu. Idan suka nemi taswirar yankinsu daga ofishin tsara gari suka ajiye, duk wanda dillali ya kai bakin rafi yana da inda zai je ya duba kafin ya zaro kuɗi daga aljihu. Su ne kuma za su iya matsa wa Ƙaramar Hukuma ta riƙa kwashe sharar kasuwa da ta mahauta kafin damina, tun da don wannan aiki ake karɓar tikiti a hannun 'yan kasuwa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Allah ya kiyashe da jama'a daga asarar rai da dukiya.