Saitin Wutar Tsohuwar Fijo ba da Na'ura ba: Hikimar Kanikawan Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ƙirar 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa. Duk da an daina ƙera ta, har yau akwai mai bayan akori da ke jigilar hatsi a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo da ƙauyukan Kabo. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda bakanike ke saita wutarta da kayan hannu kawai.

2.0 Aikin Distiributa

Distiributa ita ce ke karɓar wuta daga kwayil ta rarraba wa fulogai huɗu bi da bi, bisa tsarin 1-3-4-2. Tana juyawa sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. A cikinta akwai kwantak, wato ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa. Daidai lokacin rabuwarsu ne tartsatsi ke fita a fulogi. Saboda haka, saitin wuta, ko taimin a bakin kanikawa, shi ne daidaita wannan rabuwa da isowar fistin kusa da ƙololuwarsa.

3.0 Matakan Saiti

Da farko ana gyara tazarar bakin kwantak, kimanin milimita 0.4. Idan babu ma'auni, sai a zura siririn kwali mai kusan wannan kauri. Wannan mataki ne ke zuwa gaba, domin sauya tazarar yakan gusar da lokacin wuta.

Sannan a kwance fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, yaron gareji yana juya inji a hankali. Da zarar iska ta tunkuɗo yatsa, fistin yana hawa ke nan da matsi. A ci gaba da juyawa har alamar da ke jikin inji ta daidaita, a kuma tabbatar rota tana fuskantar wayar wannan fulogi.

Daga nan sai a sassauta notin da ke riƙe da distiributa, a jona ƙwan fitila mai bolt 12 tsakanin wayar kwantak da jikin mota, a buɗe makulli. A murɗa distiributa ta bi inda rota ke juyawa har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da ita sannu-sannu. Inda ƙwan ya kama, nan kwantak ya rabu, nan za a ɗaure noti. Wanda ba shi da ƙwai yakan maƙala siririyar takarda a bakin kwantak, ya tsaya inda ta zame.

4.0 Gwaji da Kunne

Hukuncin ƙarshe na kunne ne. Idan inji yana ƙyas-ƙyas a hawa da lodi, ko yana turjiya wajen tayarwa, wuta ta yi gaba. Idan mota ta yi nauyi, tana zafi da shan mai, wuta ta yi baya. Kuskuren farko, in ya daɗe, yana iya ƙona fistin, ya jawo wa mai mota asarar jarinsa.

5.0 Kammalawa

Wannan ilimi da baki da kallo yaro ke gadonsa daga maigidansa. Motocin yau kwamfuta ke sarrafa wutarsu, don haka kalmomi irin su kwantak da rota suna gushewa tare da aikin da ya haife su. Ya kamata masu nazarin Hausa su taskace su tun ma'abotansu na raye.