Asabar a Gindin Dutsen Elgon

Duk wanda za a tura aikin sa-kai wata ƙasa, sai an zaunar da shi an yi masa bita a kan aikin: abin da zai koyar, asibitin da zai zauna, dokokin ƙasar, allurar rigakafin shawara. Abin da ba a cika yi masa bayani ba shi ne yadda zai yi da kansa idan an tashi aiki. Ƙarfe huɗu ta yi, ɗalibai sun watse, garin titi ɗaya gare shi, ba majalisar abokai, ba gidan ɗan'uwa da za a leƙa, ba biki ba suna. Wasu a nan suke karyewa. Ba nauyin aiki ke gajiyar da su ba, zaman ɗaki ne da riƙon waya, ana bin labarin gida ana ƙirga watannin da suka rage.

Maganar ta shafe mu. Tun 1987 Najeriya ke da shirin Technical Aid Corps, wanda ke tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Pasifik. Uganda na cikin masu karɓa, kuma Jami'ar Musulunci ta Uganda da ke Mbale, wadda aka buɗe a 1988 a ƙarƙashin ƙungiyar OIC, ta daɗe tana samun malamai ta wannan hanya, ga kuma ɗaliban Arewa da ke karatu a can. Ita ce 'yar'uwar jami'ar Say ta Nijar. Mbale ta zama birni yanzu, amma da an fita daga cikinta sai ƙananan garuruwa irin Budadiri da Sipi da Kapchorwa, inda masu aikin sa-kai na ƙungiyoyi daban-daban, daga Amurka da Turai da Japan, ke koyarwa a makarantu ko taimakawa a ƙananan asibitoci. Duk waɗannan garuruwa a jikin dutse ɗaya suke, wato Elgon, wanda ƙabilar Bagisu ke kira Masaba.

Nishaɗin ƙaramin gari ba ya zuwa da kansa, sai an fita neman sa. Akwai ranar kasuwa, akwai filin ƙwallon makaranta, akwai gidan kallon ƙwallon Ingila inda za ka tarar da gardamar Arsenal da Manchester United kamar ba ka bar gida ba. Akwai mai suyar rolex a bakin titi, wato capati da aka naɗe da soyayyen ƙwai, wanda idan ka saba tsayawa wajensa zai san sunanka kafin shugaban makaranta ya riƙe shi. Idan maƙwabta suka gayyace ka cin malewa, tohon gora da aka busar a hayaƙi aka dafa da tunkuzar gyaɗa, ka je. A shekarun da lissafinsu ya rabu biyu daidai, daga watan Agusta, Bagisu na bikin kaciyar samari da suke kira imbalu, gari ya cika da kiɗa da rawa. Baƙo na iya tsayawa gefe ya kalla, ba dole sai ya shiga ba. Duk wannan ba ɓata lokaci ba ne. Malamin da aka saba gani a kasuwa, wanda ya iya gaisuwa da harshen gari ko da "mulembe" kaɗai ce, shi iyaye ke sakin jiki su gaya wa dalilin da ya sa yaro ya daina zuwa aji.

Sai kuma dutsen. Bahaushe na hawa dutse idan da dalili: kiwo, farauta, neman magani, ko gudun hari a zamanin da. Amma a ce mutum da hankalinsa ya biya kuɗi don ya wahala, ya kai ƙololuwa ya juyo ba tare da ya ɗauko komai ba, wannan sai a tambaye shi ajiyar me ya yi a can. Tambayar ba ta wauta ba ce. Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce, a ƙasar Elgon dutsen shi ne garin. A jikinsa mutane ke noma, a kansa ɗalibanka ke kwana, daga can marasa lafiya ke gangarowa. Wanda bai taɓa taka hanyar ba ba zai gane abin da ya sa yaro ke makara duk ranar da aka kwana ana ruwa ba, ko abin da ya sa mai naƙuda ke isowa asibiti a makare.

Ba da ƙololuwa ake farawa ba. Daga Mbale, tsaunin Wanale na tsaye a gabas da gari, ya haura mita 2,000, ana hawa a sauko a yini guda. A Sipi kuma akwai magangarar ruwa guda uku, babbar tana faɗowa daga tsayin kusan mita 100, kuma zagaya su duka tafiyar 'yan sa'o'i ce. Hanyar ba ta daji ba ce. Ta cikin gonakin ayaba da kofi take ratsawa, ta bayan gidajen mutane, ta gefen turken shanu. Don haka ladabin shiga gonar wani ya hau kanka: ka yi gaisuwa, kada ka tsinki abin da ba a ba ka ba, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matar aure ko yaran mutane ba izini. Ka ɗauki ɗan jagora daga garin, ka biya shi yadda aka yi ciniki, ban da ƙwauro. Wasu baƙi na ganin tunda aikin taimako suka zo, komai ya kamata a yi musu kyauta. Wannan tunani bai yi ba, domin jagorancin shi ne sana'ar yaron, wataƙila da shi yake biyan kuɗin makarantar da kake koyarwa. A nan ne ma ake noma kofin Arabika na Bugisu, kuma manoma na nuna wa baƙo yadda ake tsinka, a shanya, a daka a turmi, a soya, har a kai ga kofi a hannu.

Wanda ke zaune a Kapchorwa zai ga wani abin da sassafe: samari da 'yammata a guje a kan hanyoyin jan ƙasa, cikin hazo. Daga wannan yanki Stephen Kiprotich ya fito, wanda ya ci zinare a gudun famfalaƙi a wasannin Olamfik na Landan a 2012, haka ma Joshua Cheptegei da ya kafa tarihin duniya a mita 5,000 da mita 10,000 a 2020. Baƙon da ya ce zai bi su, a hawa na farko zai tsaya yana haki. Ba lalaci ba ne. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba, Kapchorwa kuwa ta doshi 2,000, kuma jiki na buƙatar makonni kafin ya saba da ƙarancin iskar.

Ƙololuwar Elgon, Wagagai, tana kan mita 4,321. Dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne, ka ga ke nan akwai rata. Elgon tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, yana kan iyakar Uganda da Kenya, da wani ƙaton kwari a samansa. Saman nasa gandun daji ne na gwamnati, ba a shiga sai an biya kuɗi, an yi rajista, an haɗa mutum da jami'an hukumar kula da namun daji ta Uganda. Hanyar Sasa da ta tashi daga Budadiri ita ce mafi gajarta kuma mafi tsauri, kusan kwana huɗu zuwa da dawowa. Ta Sipi da ta Piswa sun fi tsawo amma sun fi sauƙin hawa. Ba a buƙatar igiya ko wata ƙwarewa, ƙafa ce kawai da haƙuri. Ana wuce gonaki a shiga kurmi, daga kurmi sai dajin gora, daga nan itatuwa su ƙare a fito wani fili mai sanyi da tsirrai dogaye masu siffa ta daban, irin waɗanda ba a gani sai a manyan duwatsun gabashin Afirka.

Hatsarin da ya fi kama mutane shi ne ciwon tsauni. Daga mita 2,500 zuwa sama yake farawa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci, ƙin abinci. Bai san ƙato ba, bai san ɗan wasa ba, sau da yawa ma masu ji da ƙarfi ya fi kayarwa saboda saurin da suke yi. Ƙa'idar likitoci ita ce, bayan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Idan alamun suka fara, a tsaya. Idan suka ƙaru, ko mutum ya fara tangaɗi, ko ya ruɗe, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da cikin dare ne. Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta littattafan hawan dutse, wato sikila. Mai SS ba shi ba irin wannan tsayi sai da yardar likita. Mai AS ma, wanda yake ƙalau a gida, ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun ciki. Duk wanda bai san ko yana da AS ko SS ba ya gwada kafin ya ɗaura jaka.

Zafi kuma na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka a zangon ƙarshe ruwa na iya daskarewa da dare. A tafi da rigunan sanyi da za a jera ɗaya kan ɗaya, da rigar ruwa, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabo bororo zai yi maka tun ranar farko. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Yuni zuwa Agusta, da Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ke sauƙi. A tsakiyar damina gara a haƙura. Ƙasar gangaren laka ce mai santsi, kuma tana zaftarewa. A watan Maris na 2010 zaftarewar ƙasa ta binne ƙauyuka a gundumar Bududa, mutane sama da 100 suka rasu. Kogunan dutse masu jemagu ma a yi hattara da su: an danganta kogon Kitum da ke ɓangaren Kenya da kamuwa da cutar Marburg a 1980 da 1987.

Musulmi zai lura da wasu abubuwa. Alƙibla a can ta fi karkata arewa, wanda ya saba fuskantar gabas sai ya tambaya ko ya duba waya tun yana ƙasa. Ƙasar na daf da layin da ya raba duniya biyu, rana na faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara, kuma duhu ba ya jira, saboda haka a tsara tafiya a isa zango kafin magariba. Ruwan alwala a can sama kamar ƙanƙara yake, sai a nemi a ɗan ɗumama. Batun nama kuma a faɗa wa mai girki tun kafin a tashi, ko a tsaya a kan wake da shinkafa da ayaba.

Kwana huɗu a kan dutse ba hutun ƙarshen mako ba ne, sai an jira hutun zango, an nemi izinin shugaban wurin aiki, an sanar da jami'in da ke kula da masu sa-kai. Kuɗin shiga gandun ya bambanta tsakanin baƙo da ɗan ƙasa, kuma mai takardar zama yakan sami rangwame, don haka a tafi da ita. Alawus ɗin ɗan sa-kai ba yawa gare shi ba, shi ya sa aka fi haɗa kai mutum huɗu ko biyar a raba kuɗin mota da na 'yan dako da abinci, kuma idan da malaman garin a cikin ayarin ciniki ya fi sauƙi.