Tafiya Gana: Katin da Aka Saya da Allurar da Ba a Yi Ba

Wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp cikin 'yan makonnin nan. Daga zauren 'yan kasuwa ya faɗo na dangi, daga nan ya isa wurin mata masu shirin zuwa biki Kumasi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai ce ya daɗe yana bin hanyar Gana, kuma yana magana da muryar wanda ya saba a yi shiru a saurare shi. Dabarun tafiya ya jero, wasu daidai, wasu shirme, ɗaya kuma tana iya kai mutum kushewa. Abin haushin shi ne ya cuɗa su wuri guda, har gaskiyar da ke ciki ta zame wa ƙaryar rumfa.

Bari a ba shi haƙƙinsa tukuna. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza don shiga Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90, muddin yana riƙe da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar. Haka nan gaskiya ne Bahaushe ba zai rasa abokin hira a Nima ko Sabon Zango na Akra ba, balle Aboabo da Asawase a Kumasi, ko da yake da zarar ka bar zango Twi da Turanci ne za su fisshe ka. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, wannan ma ya faɗa daidai.

Sai ya zo kan katin allurar shawara, wanda 'yan tasha ke kira yalo kad. Cewa ya yi kada kowa ya wahalar da kansa da bin layi, akwai yara a tasha da bakin iyaka da za su kawo kati da hatimi cikin rabin sa'a. Hujjarsa uku: katin hanyar tatsar kuɗi ce kawai, mu da muka girma a cikin sauro jininmu ya riga ya ƙosa, kuma shawara ai saiwar rawaya da hutu sun ishe ta.

Akwai ƙwayar gaskiya a nan, kuma ita ce ta sa maganar ke shiga kunne. Mutane da yawa sun tsallaka Seme da Aflao da katin saye, sun je sun dawo lafiya lau, kuma kowannensu shaida ne mai tafiya da ƙafarsa. Wanda ya yi mako guda tsakanin masauki da kasuwar Makola ta Akra, a lokacin da babu annoba, da wuya ya gamu da cutar. Amma mai saƙon ya ɗauka jami'in kan iyaka shi ne abin tsoro, alhali sauro ne. Katin saye kamar rasit ne na buhun da ba a auna maka ba: yana iya wuce da kai ƙofar kasuwa, ba ya tuƙa tuwo.

Zazzaɓin shawara ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma sauron da ke ɗauko ta daban yake da na maleriya. Wani ɗan baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, masana na ce masa Aedes, da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar, lokacin da gidan sauro ke naɗe a saman gado. A ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa: randa, ganga, tsohuwar taya, gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. Saboda haka batun jini ya ƙosa bai ma taso ba. Ɗan jurewar da babba ke samu bayan shekaru yana fama da maleriya, na maleriya ne kaɗai, ba ya tsinana komai a gaban wannan ƙwayar.

Bayan cizo da kwana 3 zuwa 6 zazzaɓi ke tasowa, da ciwon kai da na baya da amai. Yawancin mutane a nan abin ke tsayawa, su warke cikin 'yan kwanaki. Amma kusan mutum ɗaya cikin bakwai, sai ya ji sauƙi na yini guda, har a fara yi masa barka, sannan ciwon ya dawo da ƙarfi: hanta da ƙoda su gaza, ido ya yi rawaya, jini ya riƙa fita ta hanci da baki, aman ya koma baƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin waɗanda suka kai wannan mataki suna mutuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar, ba a asibitin Korle Bu na Akra ba, ba a Landan ba. Abin da likita zai iya shi ne ƙarin ruwa da jini da tallafa wa jiki har ya yi yaƙinsa.

To ina labarin waɗanda suka sha rawaya suka tashi? Ba na ƙaryata kowa. Abubuwan da ke sa ido ya yi rawaya suna da yawa: ciwon hanta iri-iri, maleriya mai tsanani, sikila, toshewar matsarmama. Wasu daga cikinsu, kamar ciwon hanta na A, da kansu suke tafiya ko an sha jiƙo ko ba a sha ba, sai jiƙon ya karɓi yabo. Kakar da ta ga jikanta ya warke ba ta yi laifi ba don ta gaskata idonta. Laifin na wanda ya ɗauki wannan ya aika wa dubban matafiya ne a matsayin dalilin ƙin allura.

Ga wanda yake ganin cutar ta littafi ce, a tuna 2021. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba na shekarar, Gana ta ba da rahoton mutum 202 da ake zargin sun kamu, 35 suka rasu. Abin ya fi tsanani a yankin Savannah, wato ƙasar Gwanja, inda kakanninmu suka yi fataucin goro. Yawancin waɗanda abin ya shafa makiyaya ne da ba a taɓa yi musu allura ba, kuma rahoton hukumar lafiya ya nuna daga Najeriya suka shiga dazukan yankin. Ba ma sai an tsallaka iyaka ba: a 2019 cutar ta ɓulla a Bauchi, aka gano tana da nasaba da gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma cikin waɗanda suka rasu har da ɗalibai da suka je yawon buɗe ido.

Akwai kuma ɓangaren da mai saƙon bai ko waiwaya ba, wato mutanen gida. A kwanakin farko na zazzaɓin ƙwayar tana yawo a jinin mai ciwo. In ya dawo da ita, sauron randar gidansa ya cije shi, bayan 'yan kwanaki wannan sauron zai iya sa wa jaririn da bai kai wata taran karɓar allura ba. Dalilin da ya sa ƙasashe ke tambayar kati ke nan tun asali. A annobar Angola ta 2016 ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin sun koma gida ɗauke da cutar, abin da ya tayar da hankalin duniya don Asiya cike take da irin wannan sauro da mutanen da ba su da kariya. Ko ta fuskar kuɗi ma katin bogi ba kullum yake ci ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi bisa zargin katunansu na jabu ne, aka yi ta tayar da jijiyar wuya tsakanin gwamnatocin biyu har Afirka ta Kudu ta nemi afuwa, amma tikitin waɗanda aka juyo ya riga ya ƙone. Tun 2019 kuma Najeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake dubawa a na'ura, wanda hatimin bayan tasha ba ya iya ƙirƙira.

Na san abin da ke ƙarƙashin zuciyar wasu ya wuce ƙyashin bin layi. Mutumin Kano da ya ji labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 yana da dalilin ɗaga gira in an zo masa da sirinji. Wannan tsoro ba wauta ba ne. Sai dai allurar shawara ba baƙuwa ba ce. A 1927 aka ɗebi ƙwayar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, wanda ya yi ciwon ya warke. Daga wannan ƙwayar Max Theiler da abokan aikinsa suka samar da allurar a 1937, aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Masu binciken kansu sun biya da rayukansu: Adrian Stokes ya mutu da cutar a Legas a 1927, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya bi shi a Akra a 1928, shi ya sa babbar cibiyar binciken lafiya ta jami'ar Gana da ke Legon ke ɗauke da sunansa. Allura ce da aka shafe shekara fiye da 80 ana yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane, kuma ita ce dai ake yi wa 'ya'yanmu a wata tara a asibitin unguwa.

Ba zan ce ba ta da illa ko kaɗan ba, don ba haka ba ne. Wasu kan yi ɗan zazzaɓi ko tsamin jiki na kwana biyu. Mummunar illa tana faruwa, amma ɗaiɗai ake lissafa ta a cikin dubu ɗari, kuma ta fi kusa da wasu rukunai da aka sani: jariri ƙasa da wata shida, wanda ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda ciwo ko magani. Mai juna biyu da dattijon da ya haura 60 su ma sai likita ya auna. Irin waɗannan akwai takardar uzuri da likita ke rubuta musu, wadda ita ce halattacciyar hanya. Hajiya mai shekara 70 da ke son ganin ɗaurin auren jikarta a Kumasi wurin likita za a kai ta, kada a kai hotonta wurin yaron tasha.

Wani abu da mai saƙon ya faɗa wanda ya tsufa: wai ko ka yi allurar bayan shekara goma sai ka sake. Da haka ne. Daga 11 ga Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta mayar da shaidar ta zama ta tsawon rai, allura ɗaya ta wadatar. Abin da bai canza ba shi ne kwana goma: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don sai a lokacin jiki ke gama haɗa kariya. Wanda ya je ofishin lafiya na filin jirgi ana gobe tafiya ya makara.

Sauran maganganun ba su cancanci dogon numfashi ba. Cin tafarnuwa ba ya korar sauro, abokin kujera kawai yake kora. Man shafawa mai sinadarin DEET da riga mai dogon hannu su ne ke aiki. Allurar shawara ba ta hana maleriya, gidan sauro yana nan a matsayinsa. Naira ba ta sayen ko ruwan leda a kasuwar Kejetia ta Kumasi, a canza zuwa kuɗinsu, wato sidi. Batun cewa wanka a teku yana wanke cuta, igiyar ruwan gaɓar Akra tana jan ƙwararrun masu iyo ma, balle wanda iyakarsa kududdufi. Daminarsu ba irin tamu ba ce, kudancin Gana sau biyu yake samun ruwa, mai ƙarfin tana kaiwa ƙololuwa a watan Yuni, kuma ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah na Akra sun ci rayuka sama da 150. Cewa kuma kowa na iya kama shago ya fara kasa kaya, a tambayi 'yan Najeriyar da aka garƙame wa shaguna a 2019 da 2020 bisa dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. Saƙon da wani ya ba ka a tasha ka kai wa ɗan'uwansa, in ba ka buɗe ka gani ba, bar masa kayansa.

Wanda ya riga ya sayi kati, kuma suna da yawa a cikinmu, ba sai ya tsaya jin kunya ba. Ya je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa a yi masa allurar gaske a ba shi sabon kati. In yana kokwanton ko an yi masa yana yaro ko lokacin gangamin rigakafi, maimaitawa ba ta cutar da mai lafiya. In kuma zazzaɓi ya kama shi a kan hanya ko cikin mako guda da dawowa, ya sha farasitamol kawai, ya nisanci asfirin da ibuprofen don suna ƙara tsiyayar jini, ya kwana cikin gidan sauro dare da rana saboda iyalinsa, kuma tun kafin likita ya tambaya ya gaya masa garuruwan da ya bi da ranar da ya baro su.